Azumin Dare Tara Na Indiyawa, Da Labarin Gyaɗa Da Rogo

A zamanin mulkin Turawa, in kaka ta yi, motoci su kan fito daga Maraɗi maƙare da gyaɗa, su ƙetare iyaka a Jibiya, su bi ta Katsina har Kano, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911. To, jama'a, a daidai wannan lokaci na shekara, can a ƙasar Indiya, gyaɗar nan ita ce abincin masu azumi. Ga yadda abin ya samo asali.

Mabiya addinin Hindu suna da wani biki da su ke kira Navratri, watau dare tara. Su kan yi shi a watansu na Ashwin, tsakanin Satumba da Oktoba, don girmama wata abar bautarsu mai suna Durga. A labarinsu, ita ce ta yi yaƙi da wani aljani mai siffar ɓauna, Mahishasura, ta kashe shi. Rana ta goma ita ce ranar murnar nasara.

Azuminsu ya bambanta da na Musulmi. Musulmi ya kan kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana, amma yawancinsu iri-irin abinci su ke ƙaurace wa. Ba nama, ba giya, ba albasa, ba tafarnuwa, ba alkama, ba shinkafa, ba wake. Ko gishirin teku ba su so, sai na dutse. Abin da ya halatta shi ne madara, da nono, da man shanu, da 'ya'yan itatuwa, da saiwoyi, da garin ƙwayar wani irin alayyafo. A rana ta takwas ko ta tara, mutanen arewacin ƙasar su kan tara 'yan mata ƙanana guda tara, su wanke musu ƙafa, su ciyad da su, sa'an nan su buɗe baki.

A jihar Maharashtra, inda birnin Mumbai ya ke, babu abincin azumi da ya kai sabudana suna. Ƙwayoyi ne farare na garin rogo. A kan jiƙa su, a soya da man shanu, a zuba dakakkiyar gyaɗa da dankalin Turawa da ɗanyen barkono. Mai ci ya kan ɗauka gado ne na kaka da kakanni. Amma kuwa rogo, da gyaɗa, da dankali, da barkono, duk baƙi ne daga ƙasashen Amurka. Ba su shiga Indiya ba sai bayan da Vasco da Gama na Fotugal ya sauka Kalikut cikin 1498, jiragen ruwa su ka fara zirga-zirga. Rogo ma bai yaɗu ba sai da Sarkin Travancore, Visakham Thirunal, wanda ya yi sarauta daga 1880 zuwa 1885, ya hori talakawansa su shuka shi don maganin yunwa.

Ita kanta sabudana, dā daga ƙasar Malaya a ke kawo ta, ana yinta da ɓargon wata itaciya dangin giginya. Da Japan ta ci Singafo cikin 1942, hanya ta toshe, sai mutanen garin Salem da ke kudancin Indiya su ka shiga yinta da rogo.

Yaya a ka yi baƙi su ka sami wurin zama haka? Dalili shi ne, abin da dokar azumin ta hana hatsi ne da wake irin waɗanda mutanen dā su ka sani. Da sababbin nan su ka zo, ba a tarad da sunansu cikin haramtattu ba, ga su kuma da riƙe ciki, ga araha. Matan gida su ka karɓe su, al'ada ta bi bayansu.

Mu ma haka abin ya ke. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ƙwadon rogo, wa zai ce ba na Bahaushe ba ne? Alhali kuwa tushensu ɗaya da na Indiyawa, teku su ka ƙetaro. Saboda haka in ka ji an ce abu kaza tun fil'azal haka ya ke, kada ka yi saurin gaskatawa, bincika tukuna. Sau da yawa dokar ce tsohuwa, abin da ke cikin akushi kuwa bai daɗe da zuwa ba.