TARIHIN RIKICIN SUNAN INDES: Me Ya Sa Sunan Da MySQL Ya Karɓa PostgreSQL Ke Ƙi?



Duk wayar Android da ake kawowa gyara a kasuwar Mashi, lambobi da saƙonninta suna zaune ne cikin SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da D. Richard Hipp ya fitar a 2000. Abin da ke sa ka nemo suna nan take shi ne indes, wato fihirisar da ke nuna inda kowane bayani yake. To shi ma indes ɗin sai an raɗa masa suna, kuma nan rikicin ya samo asali.

An ƙirƙiro yaren SQL a kamfanin IBM a shekarun 1970, Oracle ya shiga kasuwa a 1979. Da aka tsara ƙa'idar SQL a Amurka a 1986, ba a sa maganar indes ciki ba. Kowa sai ya kafa dokarsa.

Oracle ya daɗe a kan bait 30, sai a siga ta 12.2 ya ƙara zuwa 128. MySQL na karɓar harafi 64. PostgreSQL kuwa bait 63, in ka wuce sai ya datse wutsiyar sunan. Shi ya sa har yau Django ke tsayar da sunan indes a harafi 30.

Sai batun maimaici. A MySQL da SQL Server, kamar sunan yaro ne a gida: kowane tebur zai iya samun nasa Sani. A PostgreSQL da Oracle, Sani ɗaya ne a duk unguwa. SQLite ma haka, ɗaya a duk rumbun.

Ka ga kenan in ka haɗa wa makaranta manhaja a MySQL, ka sa wa teburin ɗalibai da na malamai indes mai suna idx_suna, lafiya lau. Ranar da za a koma PostgreSQL, na biyun ba zai shiga ba, aiki ya tsaya cak.

Mafita: ka haɗa sunan tebur ciki, kamar idx_dalibai_suna, kar ya wuce 30. Ka guji ƙ, ɗ da ɓ a wurin, don kowanne bait biyu yake ci.

Allah ya ba da sa'a.