Daga Mubi Zuwa Bakassi: Wa Aka Tambaya?

Yau tarihi za mu taɓa, kuma daga gida zan faro.

Ran 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya ciro Zamfara daga jihar Sakkwato. An yi murna daga Anka har Gummi, har mu nan Gwashi a Bukkuyum. Amma fa ba wanda ya kafa akwati ya ce mu zo mu jefa ƙuri'a, dokar soja ce kawai. Da yau ne, sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai an yi ƙuri'ar raba gardama, kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun yarda. Sau ɗaya tak aka taɓa kafa jiha ta irin wannan hanya, Jihar Tsakiyar Yamma, a 1963.

Kafin nan, a Fabrairu 1961, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanen Mubi da Gwoza da Ganye: Najeriya ko Kamaru? Suka ce Najeriya, aka sa wa lardin suna Sardauna.

To, sai Bakassi. A 1975 Gowon da Ahmadu Ahidjo suka sa hannu a Marwa kan iyakar ruwa. Da aka je Kotun Duniya, lauyoyinmu suka ce ai majalisar ƙoli ta soja ba ta amince da takardar ba. Kotu ta ce a'a, sa hannun shugaban ƙasa ya ɗaure ƙasarsa. Ran 10 ga Oktoba 2002 ta ba Kamaru Bakassi. Obasanjo da Paul Biya suka ƙulla yarjejeniyar Greentree a Amurka, Yuni 2006, gaban Kofi Annan.

A Nuwamba 2007 Majalisar Dattawa ta tashi, wai ba a kawo mata takardar ba, an taka sashe na 12. Ku saurara da kyau, don nan ake yawan ruɗewa. Sashen cewa ya yi yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. Bai hana shugaba sa hannu ba, bai kuma ambaci ƙuri'ar talaka ba ko kaɗan. Wato a waje an ɗaure ka, a gida kuma ana ta gardama. Ni a ganina sanatocin suna da hujja, sai dai ihu ne bayan hari, don sojojinmu sun janye tun Agustan 2006.

Ran 14 ga Agusta 2008, zamanin Umaru 'Yar'aduwa, aka kammala miƙa yankin a Kalaba. Ba wanda ya kafa wa masuntan Bakassi akwati ya tambaye su kan wannan miƙawar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.