Sai Masu Gida: Ƙungiyar da Ta Haɗa Jini da Ruwan Noman Rani

Mu mutanen yankin Kura da Bunkure da Garun Malam, abin da aka san mu da shi noma ne: shinkafa da damina, tumatir da albasa da alkama da rani. Idan ana zancen ƙwallon ƙafa a Kano kuwa, hankali kan tafi Ƙofar Mata ne ko Sabon Gari, mu kuma a ɗauke mu 'yan kallo daga nesa. Amma wanda ya bi salsalar Kano Pillars zai tarar ɗaya daga cikin saiwoyinta uku daga harkar ruwa ta fito, harkar da ta mayar da wannan yanki namu abin da yake a yau.

A shekarar 1990 aka fara gasar ƙwararru ta ƙwallon ƙafa a Najeriya. A lokacin Kano na da ƙungiyoyi da dama, sai dai babu wadda take da ƙarfin ɗaukar nauyin irin wannan gasa ita kaɗai. Sai aka haɗe guda uku: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Daga wannan haɗaka aka sami Kano Pillars. WRECA kuwa ƙungiyar hukumar nan ce ta gwamnatin jihar Kano mai aikin gina madatsun ruwa da samar da ruwan sha. Dattawanmu sun san ta, sun san motocinta da injiniyoyinta, domin ta yi tashe ne a zamanin da aka buɗe wa Kano babin madatsun ruwa. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 lokacin mulkin Gwamna Audu Bako, ita ke turo ruwan da ke bin kanal har gonakinmu na Kadawa da kewaye. Saboda haka idan manomin Kura ya ce "Sai Masu Gida", ba shisshigi ya yi ba, yana da gado a gidan.

Pillars ba ita ce farkon ƙwallon Kano ba. Tun 1953 tawagar Kano ta ɗauki babban kofin ƙasa, wanda daga baya aka sani da Kofin Ƙalubale. A 1978 kuma Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan da Kanawa suka sani tun zamanin cinikin gyaɗa, ta lashe gasar lig ta Najeriya. Daga nan sai aka shiga dogon fari. Shekara 30 cur Kano ta yi tana jiran wani kofin lig.

Jiran ya ƙare a 2008, lokacin da Pillars ta zama zakara a ƙarƙashin Kadiri Ikhana, kocin da ya ci wa Enyimba Kofin Zakarun Afirka a 2003. Shekarar da ta biyo baya ita ce wadda magoya baya ba sa gajiya da ba da labarinta. A gasar Zakarun Afirka ta 2009 aka haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin. Aka tashi 1-1 a Najeriya. Kowa ya ɗauka an gama, don ba a saba zuwa Alƙahira a dawo da dariya ba. Sai ga shi an tashi 2-2, Pillars ta wuce da ƙwallayen da ta ci a waje. Da koci Ivo Sajh, mutumin Slobeniya, ta tsallake rukunin da ya ƙunshi Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco United ta Zambiya, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan ne 'yar gida, Heartland ta Owerri, ta tare mata hanya. Har yau Pillars ba ta sake kaiwa wannan matsayi a Afirka ba.

A cikin gida kuwa, zamanin zinariya na gaba. Ta ɗauki lig sau uku a jere: 2012 da 2013 da Baba Ganaru, 2014 da Okey Emordi. Sirrin wannan ƙarfi yana filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Kimanin shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a ci Pillars wasan lig a gida ba, sai da Nasarawa United ta zo ta karya lagon a 2015. A ranakun wasa motocin haya daga Kura da Bunkure kan cika da matasa masu rigar ruwan ɗorawa da kore. Wanda bai sami zuwa ba, rediyonsa na rataye a bakin gona yana ban-ruwa yana sauraro.

Ƙungiya dai 'yan wasanta ne, kuma tawagar Pillars a kowane zamani takan haɗa 'yan gida da baƙi. Akwai Ahmed Garba, wanda aka fi sani da Yaro Yaro, gwanin 'yan shekarun 1990. Akwai Sani Kaita, wanda daga Pillars ya wuce Sparta Rotterdam ta ƙasar Holan bayan gasar matasa ta duniya ta 2005. Akwai Gambo Mohammed, ɗan wasan gaba kuma kyaftin a shekarun kofuna, da marigayi Bello Musa Ƙofarmata, da Theophilus Afelokhai a raga. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, daga nan ya fita ƙasashen waje har ya ci tagulla a gasar Olamfik ta 2016. Junior Lokosa ya fi kowa cin ƙwallo a lig ɗin 2018.

Mutum biyu ne dai suka fi zama fuskar ƙungiyar, kuma hanyoyinsu sun sha bamban. Ahmed Musa ya zo daga Jos yana matashi, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi Holan, da Rasha, da Ingila, da Saudiyya. Ya ci Ajantina biyu a Kofin Duniya na 2014, ya ci Aisland biyu a na 2018. Sannan ya yi abin da manyan 'yan wasanmu ba su cika yi ba: ya dawo ya sa rigar Pillars a 2021, ya kuma dawowa a 2024. Shi kuwa Rabi'u Ali, Pele, zama ya yi. Ya ci kofuna da ƙungiyar, ya sha wuya da ita, ya haura shekara 40 yana buga mata tsakiya. Ɗaya ya nuna wa yaranmu cewa daga Kano ana iya kaiwa ko'ina, ɗayan ya nuna musu cewa ana iya yin suna ba a bar gida ba.

Tarihin bai rasa hawaye ba. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan tafiya Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo. A Fabrairun 2018 Chinedu Udoji, ɗan wasan baya, ya rasu a haɗarin mota a Kano sa'o'i kaɗan bayan wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba. Yadda Kanawa suka yi jimaminsa ya nuna cewa a wannan gida ba a tambayar ƙabila ko addini. A shekarar ce kuma, a wasan ƙarshe na Kofin Aiteo a Asaba, Pillars na gaba da ci 3-0, Enugu Rangers ta farke duka ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. Haƙuri ya biya a 2019, da Pillars ta doke Niger Tornadoes a fenareti a Kaduna ta ɗauki kofin, Ibrahim Musa na koci.

Sai 2022, shekarar da ba a son tunawa. Rikicin 'yan kallo, da tara, da zaftare maki, da mayar da wasannin gida zuwa wasu garuruwa, suka haɗu da rashin kataɓus a fili, ƙungiyar da ta ɗauki lig sau huɗu ta faɗa gasar 'yan dagaji. A nan dole mu faɗa wa juna gaskiya: filin da ya zame wa baƙi dodo saboda yawan magoya baya, shi ne ya koma ya ci masu gida sa'ad da wasu suka mayar da soyayya jifa. Pillars ta dawo babbar gasa a 2023, amma tabon na nan.

Domin mu gane darajar wannan dawowa, sai mu leƙa ƙasar Sin. Shekaru kaɗan da suka wuce manyan kamfanoni suka zuba kuɗi a ƙungiyoyin can, har suka ja Obafemi Martins da Mikel Obi da Odion Ighalo. Jiangsu ta lashe lig ɗin ƙasar a 2020, a Fabrairun 2021 kamfanin Suning da ya mallake ta ya janye hannu, ƙungiyar ta rufe tana riƙe da kofi. Guangzhou, wadda kamfanin gine-gine na Evergrande ya ɗaukaka, ta ci lig sau takwas da Kofin Zakarun Asiya a 2013 da 2015. Bashi ya durƙusar da kamfanin, ƙungiyar ta faɗi a 2022, shekara ɗaya da Pillars, kuma a farkon 2025 ta watse baki ɗaya. Mu ma mun ga irin haka a gida. Raccah Rovers ta zama tarihi. Bank of the North kansa ya narke cikin Unity Bank a 2006. Da a ce Pillars ta dogara da kamfani ɗaya, wataƙila da yanzu sai labari.

Abin da ya riƙe ta abu biyu ne: aljihun gwamnatin jihar Kano, da jama'ar da ba su daina zuwa fili ba. Sai dai na farkon yana da nasa haɗarin. Duk sanda aka sauya gwamnati akan sauya shugabannin ƙungiya, kuma kuɗin da ke zuwa daga baitulmali yana iya jinkiri. Mu manoman rani mun fi kowa sanin wannan hali. Ruwanmu daga madatsa ɗaya yake zuwa, kuma idan aka bar kanal ya cushe da kachala da yashi, na ƙarshen layi ne ke fara ganin shukarsa na bushewa. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin shiga nata na tikiti da riguna da tallace-tallace da cinikin 'yan wasa, kullum tana jiran a buɗe mata ruwa ne daga sama.

Akwai kuma batun inda 'yan wasan gobe za su fito. A kowane gari na wannan yanki, daga Kura zuwa Bunkure zuwa Kadawa, da la'asar filayen makarantun firamare cike suke da yara, wasunsu ba takalmi, bayan sun wuni suna tsinkar tumatir ko shanya shinkafa. Da daddare su cika gidajen kallo suna musu kan Arsenal da Barcelona. Tsakaninsu da Ƙofar Mata tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce a mota, amma hanyar da za ta kai yaro daga filin ƙauye zuwa ƙaramar tawagar Pillars ba a share ta yadda ya kamata ba. Gasar ƙananan hukumomi mai ɗorewa, da masu farautar 'yan wasa da za su riƙa fitowa wajen birni, da filin kirki ko da guda ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, ba su fi ƙarfin jihar da ta gina Tiga ba.

Waɗanda suka haɗe ƙungiyoyi uku a 1990 sun yi haka ne don sun ga ɗaya ba za ta iya ba. Bayan shekara fiye da 30, aikin da ya rage shi ne faɗaɗa wannan haɗaka ta game jihar duka, ta yadda wata rana mai sharhi a rediyo zai kira sunan ɗan wasa ya ce ɗan Bunkure ne ko ɗan Kura, kuma ƙungiyar ta iya biyansa albashi daga guminta.