Makullin tada mota: yadda ake gane inda wutar ta tsaya

A jihohin Magarya da Dungas na yankin Damagaram, inda motoci ke zirga-zirga zuwa Kano da kasuwar Maigatari, sau da yawa akan sayi sabon demarer alhali matsalar tana cikin kontak ne. Ƙura da rairayi da kuma nauyin tarin makullai su ne ke cinye ƙarafan cikinsa.

Kontak na da matsayi huɗu: LOCK, ACC, ON da START. Bincike na farawa daga batir: cikakke yana nuna volt 12,6. In ya yi ƙasa da 12, a caja shi tukuna, a kuma goge kawunansa.

Sannan a murɗa makulli zuwa ON. In fitilun tablo ba su kama ba, a duba babban fizibil. In sun kama amma injin bai juya ba, a ɗora fitilar gwaji kan ƙaramar wayar demarer, wani ya riƙe makulli a START. Fitila ta kama, laifin demarer ne. Ba ta kama ba, a koma ga kontak ko rele.

Motar da ke mutuwa in an girgiza makulli, kontak ɗinta ya cinye, sai canji. Haɗa wayoyi kai tsaye kuwa ganganci ne: yana jawo gobara, kuma sitiyari na iya kullewa ana cikin tafiya.