Izini da Yarda: Tarihin Takardar Ɗaukar Silima a Ƙasashen Renon Faransa

1. Gabatarwa

Duk mai binciken da ya taɓa shiga kasuwa ko ƙofar fada da na'urar ɗaukar hoto ya san tambayar da ake fara yi masa, watau wa ya ba shi izini. Wannan tambaya tana da tarihi, kuma tarihin ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye, domin shi ne ya ƙayyade muryoyin da aka adana a zamanin mulkin mallaka da waɗanda suka salwanta.

2. Dokar shekara ta 1934

A shekara ta 1934 ne Pierre Laval, ministan Faransa mai kula da ƙasashen mallaka, ya sa hannu bisa dokar da ake kira da sunansa har yanzu. Dokar ta haɗa abubuwa huɗu: nuna silima, faifan garmaho, ɗaukar silima da naɗar murya. Wanda duk ke son ɗauka sai ya rubuta ma gwamnan ƙasar da zai yi aikin cikinta, ya bayyana labarin da zai ɗauka da mutanen da za su fito. A Nijar gwamna yana zaune Yamai tun 1926, lokacin da aka ɗauke babban birni daga Damagaram.

Ke nan mai nema yana bukatar Faransanci, da rubutu, da hanyar shiga ofis. Talakan da za a ɗauki hotonsa, da sarkin da za a shiga garinsa, ba su da gurbi cikin takardar.

3. Waɗanda dokar ta taɓa

Ba a cika kai mutane gaban alƙali da wannan doka ba, amma misalai biyu sun isa su nuna ƙarfinta. A 1949 wata ƙungiyar ilimi ta Faransa ta aiko René Vautier, saurayi mai shekara 21, don ya ɗauki zaman ƙauye a Afirka ta Yamma. Da ya ga aikin tilas da garuruwan da sojoji suka murƙushe a Kodibuwa, sai ya juya na'urarsa kansu ba tare da amincewar hukuma ba. Aka ƙwace mafi yawan abin da ya ɗauka. Da sauran ya haɗa Afrique 50. Aka yanke masa ɗaurin shekara guda, fim ɗin kuma ya yi fiye da shekara 40 a haramce.

Na biyu shi ne Paulin Soumanou Vieyra, haifaffen Porto-Novo, wanda ya koyi aikin silima a Paris. Shi da abokansa ba su sami izinin ɗauka a Afirka ba, sai suka ɗauki zaman ɗaliban Afirka a bakin kogin Seine, a 1955, suka kira fim ɗin Afrique sur Seine.

4. Wani irin izini

A Nijar wanda ya fi kowa ɗaukar silima a wancan zamani shi ne Jean Rouch, wanda ya zo a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi. Finafinansa na farko muryar mai sharhi ce da Faransanci ke rufe maganar mutanen da ake gani. Sai dai ya koyi wani darasi a Ayoru. Da ya koma ya nuna ma masuntan Sorko fim ɗin farautar dorina da ya ɗauka tare da su, sai suka ƙi kiɗan da ya sa, suka ce kiɗa yana ƙara ma dorina ƙarfin zuciya, farauta kuwa shiru take so. Rouch ya cire kiɗan.

Hausa tana da kalmomi biyu da suka raba waɗannan al'amura. Izini, wadda aka aro daga Larabci, daga sama take saukowa: uba, malami ko hukuma ke ba da shi. Yarda kuwa daga mai abu take fitowa, kuma yana iya janye ta. Dokar Laval izini kaɗai ta sani.

5. Bayan ƴancin kai

Da ƴancin kai na 1960 dokar ta faɗi, kuma sakamakon bai jima ba. Mustafa Alasan ya fitar da Aouré a 1962. Umaru Ganda, wanda Rouch ya sa cikin Moi, un Noir na 1958 a Abijan, ya koma bayan na'ura da kansa, ya yi Cabascabo, sannan Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Shekara 12 kacal suka isa a ga abin da shekara 26 na takarda suka danne.

6. Kammalawa

Abu biyu ke fitowa daga wannan tarihi. Na farko, mai amfani da tsofaffin finafinai da faifai don nazarin Hausa ko Zabarmanci ya kamata ya tuna cewa abin da ke hannunsa ya bi ta ofishin gwamna kafin ya iso gare shi. Na biyu, hatimin magajin gari ko na wata ma'aikata bai ɗauke ma mai bincike nauyin zama da mai gari, da sarkin kasuwa, da mutanen da zai ɗauka ba. Ga masu tsara yaƙi da jahilci kuwa akwai aiki a fili: a rubuta takardar neman yarda da harsunan ƙasa, cikin kalmomin da wanda ya gama ajin manya zai iya karantawa da kansa kafin ya sa hannu.