Path to War: wasan talabijin kan yadda Johnson ya faɗaɗa yaƙin Vietnam

Path to War, wato hanyar zuwa yaƙi, wasan kwaikwayo ne na siyasa da tashar HBO ta Amurka ta fara nunawa a watan Mayun 2002. Ya bi diddigin yadda Shugaba Lyndon Johnson ya tsunduma ƙasarsa cikin yaƙin Vietnam. Daniel Giat ne ya rubuta shi, John Frankenheimer kuma ya ba da umarni. Shi ne aikinsa na ƙarshe, domin ya mutu a watan Yulin wannan shekarar.

Labarin ya soma ne daga bikin rantsar da Johnson a watan Janairun 1965, bayan gagarumar nasarar da ya samu a zaɓen 1964. Burinsa a lokacin na cikin gida ne: yaƙi da talauci, da tabbatar wa baƙar fata 'yancin kaɗa ƙuri'a. Amma sannu a hankali batun Vietnam ya cinye kuɗin da hankalin shugaban baki ɗaya.

Ba a fagen daga aka gina wasan ba. Kusan komai a ɗakunan shawara yake faruwa, kuma nan ne ƙarfinsa yake. Sakataren tsaro Robert McNamara, wanda Alec Baldwin ya fito a matsayinsa, yana kawo alƙaluman da ke nuna cewa ƙarin sojoji da ruwan bama-bamai za su tilasta wa Vietnam ta Arewa saduda. George Ball na ma'aikatar harkokin waje yana gargaɗin cewa abin da ya ci Faransa a can zai ci Amurka. Ana saurarensa cikin mutunci, sannan a yi akasin abin da ya faɗa.

Tarihi ya tabbatar da jigon labarin. A watan Maris na 1965 aka fara luguden wuta ta sama a kan Arewa, sojojin kundumbala kimanin 3,500 suka sauka a Da Nang. A ƙarshen shekarar yawansu ya haura 180,000, a 1968 kuma ya zarce rabin miliyan.

Wanda ya fi jan hankali shi ne Clark Clifford, lauya kuma aminin shugaban. A 1965 ya nemi Johnson da kada ya ƙara sojoji. Da aka ƙara, sai ya koma goyon bayan yaƙin. McNamara kuwa ya bi hanyar a juye, shakku ya kama shi har ya bar muƙaminsa a farkon 1968. Clifford ne ya gaje shi, kuma bayan farmakin Tet shi ne ya shawarci shugaban da ya ja da baya. Wannan rawa ta samo wa Donald Sutherland lambar yabo ta Golden Globe.

Michael Gambon, haifaffen Dublin, shi ne Johnson: mutum mai fushi da barkwanci, da ke rattaba hannu kan wasiƙun ta'aziyya ga iyayen sojoji. Sai dai ana iya cewa wasan ya tausaya masa fiye da kima. 'Yan Vietnam, waɗanda asarar rayukansu ta ninka ta Amurkawa 58,000 sau da dama, da ƙyar ake ganinsu.

Wasan ya ƙare da jawabin ranar 31 ga Maris, 1968, inda Johnson ya taƙaita kai hare-hare, ya kuma ce ba zai sake neman shugabanci ba. Sojojin Amurka ba su gama ficewa ba sai a 1973.