Tarihin Shayi, Daga Maroko da Kiyoto Zuwa Fadojin Safo

Ƴan uwa ɗalibai, da yawa cikinmu sun ɗauka shayi gadon kaka da kakanni ne, tunda ba fadar da za ka ratsa da dare a Safo ko Maradi ba ka ga buta bisa gawayi ba. Amma in aka bi tarihi, shayi baƙo ne a ƙasar Hausa, kuma bai daɗe da sauka ba. Lokacin da Katsinawa suka kafa sarautarsu a Maradi wajen 1819, zamanin Ɗan Kasawa, fura da ruwan sanyi da goro ake tarbar baƙo da su.

Asalin ganyen ƙasar Sin ne, kuma ta arewa ya biyo ya iso mu. A ƙarni na 18 ya shiga Maroko, amma sai gidan sarki da na attajirai ake shan shi. Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 ne ya canza lamarin. An toshe hanyar tekun Baltik, fataken Ingila suka rasa inda za su kai hajarsu, sai suka juye ta a tashoshin ruwan Tanja da Sawira. Ganye ya yi araha, talaka ya samu. Daga nan ayarin raƙuma suka ɗauko shi tare da dunƙulen sukari, suka ratso Sahara zuwa Tumbutu da Agadas. Larabawa da Buzaye suka riƙe shi, har ya zama ba a zaman hira sai da shi.

Saukowarsa kudu a hankali ta faru. Cinikin gyaɗa na shekarun 1950 ya sa kuɗi a hannun manoman Maradi, sayen sukari ya daina zama abin mamaki. Farin 1973 da na 1984 sun koro makiyaya da dama zuwa birane, wasu suka kama gadi, kowane da ƴar butarsa da finjalinsa a ƙofar gida. Sannan aka shiga shekarun 1990: taron ƙasa na 1991, karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ga matasa sun gama lakwal ba aiki. A wannan zamani ne fadojin samari suka bunƙasa a Damagaram, suka bazu ko'ina cikin Nijar. Dafa ganye ɗaya sau uku, na fari da ɗaci, na ukun kusan sukari zalla, ya dace da aljihun mutanen da ke haɗa dala-dala su sayi ƙulli guda.

Shayin madara kuwa tasa hanya daban ce. Shi baƙin ganye ne irin na Lipton, wanda Turawa suka saba sha da madara. Mu da ke kusa da iyaka mun san shi a teburin mai shayi, daga tashar Maradi zuwa Ɗan Isa, Jibiya har Katsina. Abin da ya sa sana'ar ta yiwu a ƙasar zafi shi ne madarar gwangwani, wadda wani Ba'amurke mai suna Gail Borden ya samu takardar mallakar fasaharta a 1856. Daga baya ta gari ta zo cikin ƙananan ledoji.

To, ba mu kaɗai muka karɓi wannan ganye daga Sin muka juya shi yadda ya dace da mu ba. Mutanen Japan sun riga mu da ƙarnuka. Wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ya koma gida da irin shayi a 1191, nomansa ya kafu a can. A shekarun 1920, a birnin Kiyoto, ƴan kasuwa suka rasa yadda za su yi da ragowar ganye da tsinkayen da ba su da mai saye. Maimakon su zubar, sai suka gasa su bisa gawayi har suka koma ruwan ƙasa. Ɗacin ya ragu, ƙamshi ya fito, aka sa masa suna hojica. Da yake bai cika hana barci ba, har yara da tsofaffi ake ba shi bayan abincin dare. Yau ana haɗa shi da madara mai kumfa a sayar da tsada a manyan biranen duniya, alhali daga tsimi ya samo asali.

Duk mai so zai iya gwada kwatankwacinsa a gida. Ba zai zama daidai da nasu ba, don su turara ganyensu suke yi, namu na Sin kuwa a kasko aka busar da shi, amma zai yi kusa. A ɗora busasshen kasko bisa wuta kaɗan, a zuba ganyen fada, a yi ta juyawa har ya yi ja-ja yana ƙamshi kamar soyayyar gyaɗa. In ya yi baƙi ya ƙone ke nan. A jiƙa shi cikin ruwan zafi minti ɗaya ko biyu, a tace. A tafasa madarar shanu sosai, a burga ta da maburgi har ta yi kumfa, a zuba bisa shayin, a sa sukari kaɗan.

Na ce madarar shanu da gangan. Ku duba kofin da muke sha kullum: ganye daga Sin, sukari daga waje, madarar gari mafi yawanta daga Turai. Ruwa da gawayi kaɗai ne namu, gawayin ma itatuwanmu yake cinyewa. Ga shi shanun Fulani na kiwo a bakin Gulbin Maradi da kewayen tabkin Madarunfa, matansu na yawo da ƙwarya suna neman mai saye. Ganyen shayi ba zai yi a ƙasarmu ba, don yana son ruwan sama mai yawa da sanyin tuddai. Madara kuwa muna da ita. In kowace fada ta Safo ta riƙa sayen ta ruga ko sau ɗaya a mako, wani abu daga kuɗin shayinmu zai tsaya cikin gari.